"Borrow = aro": inda jerin kalmomin Turanci ke yaudarar mai koyo



Na san kun sha cin karo da jerin kalmomin nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp: Turanci a hagu, Hausa a dama, alamar daidai a tsakiya. Borrow = aro. Sorry = yi haƙuri. Hear = ji. Stranger = baƙo. A ƙasa kuma a ce ka haddace ashirin kullum, kafin ka ankara ka zama Bature. Masu haɗa su da kyakkyawar niyya suke yi, kuma in sunan abu ne, irin su cokali da taga da akuya, ba laifi. Amma kalmomin da baki ya fi kamawa yau da kullum, su ne alamar daidai ɗin nan ta fi yi wa ƙarya.

Ɗauki "borrow". Bahaushe da Bature duk sun raba maganar aro gida biyu, sai dai ba wuri ɗaya suka sa wuƙa ba. Mu abin da muke dubawa shi ne: abin da aka karɓa, shi ɗin za a mayar, ko madadinsa? In shi za a mayar, kamar keke ko tabarma ko littafi, aro ne. In madadinsa ne, kamar kuɗi ko tiyar gero, rance ne. Shi ya sa mai kula da harshe ba ya cewa ya ari gishiri, don gishirin da ya shiga miya ba ya dawowa. Shi kuwa Bature bai damu da wannan ba. Tambayarsa ita ce: wa ke bayarwa, wa ke karɓa? Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa ya yi "lend", ko kuɗi ne ko keke.

Mu ma fa muna nuna mai bayarwa da mai karɓa, amma a jikin aikatau ɗaya muke yi: "na ari biro", "ara mini biro", "na ranci kuɗi", "ranta mini kuɗi". Saiwar ɗaya ce, ƙarshen kalma da karin sauti ne ke sauyawa. To ɗalibin da aka ce masa borrow = aro, aka tsaya nan, me kake so ya yi ran da yake son ya ce "ara mini"? Dole ya ce "borrow me your biro". Ba dakikanci ba ne, abin da aka ba shi ya yi aiki da shi. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO kuwa, mai maki jan biro zai sa masa, don abin da ake nema shi ne "lend me your pen".

Sai "sorry". Gaskiya ne tana nufin neman afuwa, kuma ana yin jaje da ita in abu mai nauyi ya faru, kamar rasuwa. Abin da jerin ba ya gaya maka shi ne, mu nan mun ɗora mata kayan "sannu". Mutum ya yi tuntuɓe, ko ya yi tari, ko wayarsa ta faɗi, sai ka ji "sorry". Faɗa wa mutumin Ingila haka, ba mamaki ya ce maka ai ba laifinka ba ne, don shi a wannan hali "are you all right?" ya saba ji. Haka "well done": a can yabo ne ga wanda ya gama abu ya yi kyau, a nan kuwa mun mai da ita "sannu da aiki", muna yi wa wanda ko rabi bai kai ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Turancin Najeriya Turanci ne, yana da gidansa. Ko babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominsa a watan Janairun 2020, har da "Kannywood" da "okada". In ka ce wa mai faskare a Kano "well done", ya gane, ya ji daɗi, magana ta ƙare. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne a bar mai koyo bai san akwai ma'ana biyu ba, sai ya je gaban wanda ya san ɗaya kawai.

Hear = ji kuwa, wannan ta fi kowace ɓarna. "Ji" tamu kunne ne, hanci ne, harshe ne, fata ce, har da fahimta: ji ƙara, ji wari, ji ɗanɗano, ji sanyi, ji Larabci. Turanci ya raba su: hear, smell, taste, feel, understand. Daga nan "I am hearing smell" ta fito. "Sha" ma haka take. Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, wani ya sha taba, kowa ya sha wahala, alhali "drink" na farkon kaɗai ta ɗauka cikin kwanciyar hankali. Ƙwayar magani "take" ake yi mata, mangwaro "eat", taba "smoke".

Batun baƙo gajere ne amma akwai kunya a ciki. Wanda ka gayyata ka yanka wa kaza "guest" ne. "Stranger" shi ne wanda ba ka taɓa gani ba. Ka gabatar da surukinka da "he is my stranger", ka ga yadda za a dube ka.

Ba wai ba a taɓa yin aikin yadda ya kamata ba. Ƙamus ɗin Turanci da Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, yakan rarrabe ma'anonin kalma ya kawo misalai, haka ma na Bargery na 1934 ta ɓangaren Hausa zuwa Turanci. Ba a ce mai shafi ya kwafe ƙamus ba. Amma maimakon kalma ashirin tsirara, ya kawo biyar da tufafinsu: kowace da jimla biyu ko uku, da wurin da ake faɗinta, da wurin da ba a faɗinta.

Kai kuma mai koyo, in irin wannan jeri ya zo hannunka, gwada shi da kanka. Ɗauki kalmar Hausar da ke dama, ka gina jimloli biyar da ita kamar yadda kake faɗi a gida, sannan ka duba ko kalmar Turancin ta shiga duka biyar ɗin. Fara da eat = ci: ci tuwo, ci jarrabawa, ci kasuwa, ci amana, ci bashi.