"Wai" da "An Gano": Ilmin Fiziks a Kunnen Manomin Goronyo

Hausa tana da wata 'yar kalma mai nauyi, ita ce "wai". Mai magana in ya sa ta a gaban zance ya zare hannunsa ke nan, bai ƙaryata ba, bai kuwa rantse ba. Abin takaici, da yawa daga masu juya labarin kimiyya zuwa Hausa sun yar da ita. Kome ya fito daga ɗakin binciken Turawa sai su ce "an gano".

A dubi abin da ya faru a 2011. Masanan fiziks suka harbo wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino daga cibiyar CERN ta Suwizalan zuwa Italiya, tafiyar kilomita 730, awo ya nuna sun riga haske isa. Su kansu masanan ba su rantse ba, roƙo suka yi a bincika aikinsu. A 2012 aka tarar ashe wata waya ce ba ta ɗauru sosai ba. Wanda aka gaya wa "an gano", me zai ɗauki malaman kimiyya in ba masu tufka da warwara ba?

Ƙwayar Higgs ta yi shekara 48 tana "wai", tun daga 1964 har aka gan ta a 2012. Ita kuwa ƙa'idar da ke cewa asalin kome zare ne mai kaɗawa, an haura shekara 50 ana lissafinta, har yanzu ba gwajin da ya tabbatar da ita. Lalle kalma ɗaya ba ta isa ta ɗauki waɗannan duka ba.

Manomin Goronyo ba baƙon alkawarin masu ilmi ba ne. A gabansa aka datse Gulbin Rima, aka gama madatsar a 1984, mai cin ruwa wajen mita miliyan 942 a awon cikin tafki, ya kuwa ga ambaliyar 2010. Ma'auninsa guda ne, ko ruwa ya iso fangalin albasarsa ko bai iso ba. In ya ji labarin zare ya ce, "Me wannan zai tsinana mini?" yana da hujja.

Amma hujjar tana da iyaka. Sa'ad da Einstein ya bayyana a 1905 yadda haske ke fizgo lantarki daga ƙarfe, ba wanda ya hangi lambu a ciki. Sai a 1954 aka ƙera farantin silikon mai amfani a Amurka, jikansa ne yau ke jawo ruwa a fadamun ƙasar Hausa ba da fetur ba. Watau rashin amfani nan take ba shi ne aibi ba. Bambancin shi ne maganar Einstein ta gwadu, Millikan ya auna ta ya buga sakamakon a 1916, alhali ya shiga gwajin ne ba ya gaskata ta.