Kada a bar wa waya ita kaɗai tsaron bayanan manomi

Aikin da a da ake yi da littafi da biro a Zakirai, yau waya ce ke yin sa. Rajistar manoman da za a ba taki, sunayen 'yan ƙungiyar adashi, jerin yaran da aka yi wa rigakafi, duk suna komawa cikin manhaja. Samarinmu na Kano sun shiga sana'ar rubuta irin waɗannan manhajoji, kuma ina alfahari da su. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a wannan sana'a wadda ba zan iya yin shiru a kanta ba, wato barin waya ita kaɗai ta yanke abin da mutum zai gani.

Sunayen nan suna zaune ne a sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai a can nesa. Wayar da ke hannun ma'aikaci tambaya kawai take aikawa ta intanet: a ba ni manoman gero na mazaɓar Zakirai da ba su karɓi taki ba. Mai gaggawa sai ya sa sabar ta amsa duk abin da aka tambaye ta. Wani ma sakacinsa ya fi haka, domin sabar tasa turo sunayen Ƙaramar Hukumar Gabasawa take yi gaba ɗaya, mazaɓu 11, sai manhajar ta ɓoye goma ta nuna ɗaya. A ido komai daidai yake. Amma abin da ya riga ya sauka a waya ya fita daga hannunka. Yaron da ya ɗan san kan kwamfuta zai iya buɗe amsar ya karanta, ko ya goge Zakirai daga tambayar ya sa Joda ko Mekiya, sabar kuwa ta miƙo masa.

A ganina dole rariya ta zama biyu, ta waya don sauƙin aiki, ta sabar don riƙon amana. Sabar ta san wanda ya shigo, ta kuma san a wace mazaɓa aka ɗora shi. Sai ta liƙa nata sharaɗin a jikin kowace tambaya, daga rajistar da ke wurinta, ba daga abin da wayar ta faɗa ba. Sunan da ya cika sharuɗɗan biyu a tare shi kaɗai zai fito. Ma'aikaci yana da ikon rage jerin zuwa unguwa ɗaya ko iri ɗaya, amma ba shi da ikon tsallake iyakarsa.

Wajen haɗa sharuɗɗan ne gwanaye ma kan zame. A ce ma'aikacin ya nemi manoman gero ko na dawa, aka manna rubutunsa kai tsaye a bayan sharaɗin sabar. A harshen SQL da ake tambayar rumbun bayanai da shi, "kuma" na riga "ko" aiki. Sai kwamfuta ta fahimci cewa ana son manoman gero na Zakirai, ko kuma duk mai noman dawa ko a ina yake. Ba wanda ya yi kutse, amma sunayen sauran mazaɓu sun zubo. Maganin shi ne a rufe sharaɗin waya a cikin baka, sabar ta gina tambayar da kanta daga filayen da ta yarda da su, ta kuma ƙayyade yawan layukan da za ta turo. Wanda aikinsa ƙirga buhu ne, me zai yi da NIN ko BVN ɗin manomi?

Wannan ba tsoro ne na banza ba. Ƙungiyar OWASP, a jerinta na manyan haɗurra goma na ƙofofin da manhajoji ke karɓar bayanai ta cikinsu, ta sa rashin bincikar ikon mai tambaya a lamba ta ɗaya a 2019, ta sake sa shi a 2023. A Amurka, a 2019, an gano takardu kusan miliyan 885 na kamfanin First American a buɗe, lamba kawai mutum zai canza a adireshin shafi ya ga takardar wani. A gida kuma, a 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya kan naira 100. Bayananmu suna da kasuwa.

A ƙauye illar ta fi kusa. Gida na jikin gida, gona na jikin gona, kowa ya san kowa. Jerin masu bashi, ko na waɗanda aka rubuta cikin marasa ƙarfi, ko na matar da ke karɓar magani, in ya faɗa hannun maƙwabci ya zama abin gori. In ya faɗa hannun ɗan damfara, zai kira dattijo da cikakken sunansa ya ce tallafi ya fito.

Na san hujjar da ake kawowa: sabis ba ƙarfi a karkara, gara a sauke komai sau ɗaya a yi aiki ba intanet. To, a sauke, amma na mazaɓar mutum kaɗai. Hakan ma ya fi sauri, ya fi arahar data. Kayan aikin kuma kyauta ne. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL na da tsarin tsare kowane layi tun 2016. DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ke kula da shi kuma ake tattara alƙaluman asibitocin Najeriya da shi, yana ɗaure kowane ma'aikaci da yankin da aka ba shi. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan jama'a nauyin tsare su.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma da masu makarantu, kafin ku biya kuɗin manhaja ku nemi gwaji ɗaya. A shiga da sunan ma'aikacin Zakirai, a aika wa sabar tambayar mazaɓar Zugachi kai tsaye. In ko suna ɗaya ya fito, aikin bai ƙare ba, kada ku karɓa.