Waƙa a Matsayin Asusun Gwagwarmaya: Tarken Waƙar Roll of Honour ta Magoya Bayan Celtic

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙa sun saba auna ta da ma'aunai uku, watau jigo, da zubi da tsari, da kuma salo da sarrafa harshe. Waɗannan ma'aunai suna wadatarwa muddin waƙar tana kwance a takarda ko tana cikin faifai. To, amma akwai waƙar da ba a gane nauyinta sai an tambayi wanda ya rera ta, da inda ya rera ta, da kuma abin da ya same shi bayan ya rufe baki. Manufar wannan maƙala ita ce ta yi tarken wata waƙa irin wannan, mai suna Roll of Honour, watau jerin sunayen waɗanda suka cancanci girmamawa. A watan Fabrairu na 2014 magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Celtic, a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, suka fitar da ita kasuwa domin su tara kuɗin yaƙi da wata doka wadda ake kama su da ita saboda rera wannan waƙar. Za mu duba waƙar, da dokar, da abin da cinikin ya jawo wa masu shi na riba da hasara.

2.0 Tushen Rikicin

An kafa Celtic a 1887, kuma wani malamin Katolika, Brother Walfrid, shi ya assasa ta domin a sami abin ciyar da matalautan baƙi 'yan ƙasar Ailan da suka cika gabashin Gilasgo. Abokiyar hamayyarta, Rangers, wadda aka kafa a 1872, ta zama gidan 'yan Furotesta masu kishin haɗin kan Birtaniya. Saboda haka duk lokacin da ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu, tarihin Ailan yakan biyo 'yan kallo har cikin fili, kuma ta bakin waƙa yake fitowa.

A shekarar 2011 al'amura suka yi tsamari. A wani wasa da aka yi ranar 2 ga Maris an kori 'yan wasan Rangers uku, masu horarwa na ɓangarorin biyu kuma suka yi cacar baki a gefen fili. Cikin makwannin nan ne kuma aka aika wa mai horar da Celtic, Neil Lennon, ƙunshin bam ta gidan waya. Gwamnatin jam'iyyar SNP ta gaggauta kawo dokar hana ɗabi'ar cin zarafi a wasan ƙwallo. Majalisar Sikotlan ta zartar da ita a watan Disamba na 2011 da ƙuri'a 64, masu adawa 57, ba tare da goyon bayan ko ɗaya daga jam'iyyun hamayya ba. Ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2012, kuma mafi tsananin hukuncinta ɗaurin shekara 5 ne. Tun kafin a zartar da ita ƙungiyoyin magoya bayan Celtic, cikinsu har da Green Brigade da Celtic Trust, suka haɗu suka kafa gamayya mai suna Fans Against Criminalisation, watau 'yan kallo masu ƙin a mai da su masu laifi.

3.0 Jigo da Zubin Waƙar

Waƙar ba ta ƙwallo ba ce ko kaɗan. Gerry O'Glacain na ƙungiyar mawaƙa The Irish Brigade ya tsara ta a farkon shekarun 1980, kuma in za mu sa ta cikin rabe-raben da muka sani, marsiyya ce. Waɗanda take wa makoki su ne fursunoni 10 da suka mutu a yajin cin abinci a kurkukun Maze, a Ailan ta Arewa, cikin 1981, suna neman gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗauke su fursunonin siyasa. Na farkonsu, Bobby Sands, ya rasu ranar 5 ga Mayu bayan kwana 66 bai ci abinci ba, alhali an zaɓe shi ɗan majalisar dokokin Birtaniya yana kwance. Na ƙarshensu, Michael Devine, ya rasu ranar 20 ga Agusta.

Zubin waƙar mai sauƙi ne. Baitocinta suna bin mamatan ɗaya bayan ɗaya, ana ambaton suna, ana ɗora masa ɗan yabo. Amshin kuwa kira ne ga masu sauraro su haɗa kai wajen tunawa da su, sa'an nan ya juya ya yi wa Ingila zambo. In aka auna ta da ma'aunin sarrafa harshe kawai, ba za a ce ta yi fice ba. Siffofin da ta ba mamatan, na jarumtaka da ƙuruciya da sadaukarwa, su ne dai waɗanda kowace waƙar kishin ƙasa take rabawa, har mutum zai iya musanya yabon wannan da na wancan ba tare da baitin ya girgiza ba. Ƙarfinta yana wuri biyu. Na farko, karinta na tafiyar soja ne, mai sauƙin kamawa ga dubban bakuna a lokaci ɗaya. Na biyu, jerin sunayen ya mai da ita abin hardacewa, ta yadda yaron da aka haifa shekara 15 bayan yajin zai iya kawo sunayen goma a jere, kamar yadda maroƙi yake kawo sunayen sarakunan gari.

Sai dai kuma marsiyya ba ta faɗin aibin mamaci, kuma a nan ne gardama take. Bakwai daga cikin goman 'yan ƙungiyar IRA ne, uku kuma 'yan INLA, dukansu ƙungiyoyi ne masu ɗauke da makamai waɗanda dokar Birtaniya ta haramta. Alal misali, Thomas McElwee an ɗaure shi ne saboda mutuwar wata mata a gobarar da bam ya tayar a wani kanti a garin Ballymena cikin 1976. Waƙar ta fara labarin kowanensu daga ƙofar kurkuku, ta bar abin da ya kai shi can. Wanda yake rera ta yana jin makokin samarin da suka zaɓi yunwa a kan ƙasƙanci. Wanda bam ya kashe masa ɗan'uwa kuwa, yabon masu kisa yake ji. Mai tarke na gaskiya ba zai ce ɗayansu kunnensa ya yi ƙarya ba.

4.0 Doka ta Shiga Aikin Tarke

Abin da ya sa wannan doka ta shafi manazarcin adabi shi ne ta ɗora wa ɗan sanda da alƙali aikin feɗe waƙa. Sashenta na farko ya haramta, a wajen wasan ƙwallo, duk ɗabi'ar da mutum mai hankali zai iya ɗauka cin zarafi ce, in har tana iya tayar da fitina. Daɗin daɗawa, dokar ta ce laifin yana nan ko da waɗanda abin zai harzuƙa ba su halarci wurin ba. Ma'ana, an ƙirƙiro wani mai sauraro na zato, aka sa shi ya zama ma'aunin waƙa. Mu a ɗakin karatu mukan ce ma'anar waƙa tana tsakanin mai yi da mai ji. Wannan doka ta ce ko babu mai ji, alƙali zai zato shi, ya yi fushi a madadinsa.

Da wannan ma'auni aka riƙa gurfanar da matasa saboda Roll of Honour, kuma a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin da aka yanke wa wasu magoya baya biyu da suka rera ta a wani wasa a Edinbara. Ga saurayi mai neman aiki, tabon shari'a ya fi tara ciwo, ban da kuɗin lauya da zirga-zirgar kotu. Wannan ɗawainiya ita ce ta sa gamayyar ta bukaci asusu.

5.0 Daga Fili Zuwa Kasuwa

A al'adar mawaƙanmu na baka, kuɗi daga hannun ubangida yake fitowa ya shiga aljihun mawaƙi, kuma wanda ya biya shi ake wa waƙa. A nan tsarin ya juye. Mawaƙan sun ba da waƙarsu, 'yan amshi su ne suka biya, kuɗin kuma ya wuce mawaƙi ya tafi ga waɗanda aka kama suna amshi. Kowane mutum ɗan abin da bai kai fam guda ba ya kashe wajen sauko da waƙar ta intanet.

In an lura, dabarar tana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A wancan lokaci jadawalin waƙoƙin Birtaniya na mako-mako da yawan saye kaɗai ake lissafa shi, domin sai a watan Yuli na 2014 aka fara haɗawa da yawan sauraro ta intanet. Ke nan kowane saye tamkar ƙuri'a ne da ake ƙirgawa a bainar jama'a. Da waƙar ta shiga cikin 40 na farko a jadawalin, sai gamayyar ta sami hujjar da ta fi kuɗin daraja. Ga waƙa halal ce a sayar, halal ce a saya, halal ce a saurara a gida ko a mota, amma mutum ya buɗe baki ya rera ta a kujerarsa ta filin wasa, sai ya kwana a hannun 'yan sanda. Babu wata takardar koke da za ta fito da wannan tufka da warwara fili kamar yadda cinikin ya fito da ita.

Har wa yau, cinikin ya sāke wa waƙar jigo ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya a cikinta ba. A 1981 maganarta fursunonin Maze ce. A 2014 mai sayenta yana iya zama bai damu da siyasar Ailan ba, abin da yake cewa shi ne kada a ɗaure mutum saboda waƙa. Marsiyya ta koma waƙar neman 'yancin baki, kuma haramcin ne ya yi mata wannan sabuwar riga.

6.0 Abin da Dabarar ta Ci

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Dokar ba 'yan Celtic kaɗai ta dama ba. An gurfanar da magoya bayan Rangers da ita saboda nasu waƙoƙin, haka ma na ƙananan ƙungiyoyi. Waɗannan duka abokan tafiya ne a yaƙi da dokar, amma ba za a taɓa sa ɗan Rangers ya sayi waƙar yabon 'yan IRA ba, ko da kuɗin zai fid da ƙanensa daga kotu. Watau waƙar ta tara na gida, ta kuma rufe ƙofa ga maƙwabci. Bugu da ƙari, ta miƙa wa masu kare dokar sanda, domin sun sami damar mai da muhawara daga tambayar ko dokar tana da adalci zuwa tambayar ko waƙar tana da kyau.

Za mu fi ganin wannan in muka kwatanta da abin da ya faru a Ingila shekara guda da 'yan watanni kafin nan. Ranar 15 ga Afrilu 1989 turmutsutsu a filin Hillsborough ya hallaka magoya bayan Liverpool 96, adadin da ya zama 97 a 2021. Shekara da shekaru iyalansu suna fama da ƙazafin cewa 'yan kallo ne suka jawo abin, har wani kwamiti mai zaman kansa ya wanke su a watan Satumba na 2012. A watan Disamba na shekarar, taron mawaƙa da suka kira kansu The Justice Collective, cikinsu har da Paul McCartney da Robbie Williams, suka fitar da waƙa domin tara wa iyalan kuɗin shari'a. Ba su ɗauko waƙar zargin 'yan sanda ba. Sun ɗauko wata tsohuwar waƙa ce wadda The Hollies suka yi tashe da ita a 1969, mai jigon ɗaukar nauyin ɗan'uwa, wadda ba ta ambaci ƙwallo ko Hillsborough ba. Hasali ma Everton, babbar kishiyar Liverpool, ita ta fara sa ta a filinta domin ta'aziyya a watan Satumban. Waƙar ta zo ta ɗaya a jadawalin makon Kirsimeti, kuma a 2016 sabon binciken kotu ya yanke cewa kisa ba bisa doka ba ne ya ci mutanen.

Waƙar Liverpool ta bar wurin suna a buɗe, kowa ya sa nasa ɗan'uwan, shi ya sa abokin gaba ma ya saya. Ta Celtic kuwa ta cika wurin da sunaye goma waɗanda rabin gari ba ya son ji. Amma kada mu yi saurin cewa 'yan Celtic sun yi kuskuren zaɓe. Iyalan Hillsborough tausayi suke nema, kuma waƙa mai laushi tana jawo shi. 'Yan Celtic kuwa haƙƙin rera abin da wani ba ya so suke karewa, kuma da sun sayar da waƙar da ba ta ɓata wa kowa rai, da sun amsa wa dokar cewa tana da gaskiya.

7.0 Kammalawa

An soke dokar ranar 15 ga Maris 2018 da ƙuri'a 62, masu son ta zauna 60, bisa ƙudurin ɗan majalisa James Kelly na jam'iyyar Leba. Abin da ya buɗe wannan hanya shi ne zaɓen 2016, inda SNP ta sami kujera 63 cikin 129, ta rasa rinjaye, jam'iyyun hamayya kuma suka haɗa kai. Saboda haka wanda ya ce waƙa ce ta kayar da doka ya yi zuƙu. Abin da waƙar ta yi shi ne ta taimaka wajen riƙe waɗanda ake tuhuma, ta kuma hana maganar mutuwa a shekarun da majalisa ba ta da niyyar saurare.

Darasin da ɗalibin adabi zai ɗauka shi ne, ma'aunan nan uku da muka fara da su ba su isa su auna waƙar gwagwarmaya ba. Roll of Honour matsakaiciya ce a sarrafa harshe, mai ɓoye rabin labari ce a jigo, amma ta yi aikin da aka ɗora mata, ta kuma biya farashinsa. Ya kamata duk mai tarken irin wannan waƙa, ta kowace al'umma, ya ƙara tambayoyi biyu a kan na kullum: su wa waƙar ta tara, su wa kuma ta bari a waje.