Bayanin Faci: Rubutun da Masu Manhaja Ke Rainawa

Ƙorafin da aka fi ji daga matasan masu rubuta manhaja game da tsofaffin ayyuka irin su Git da curl shi ne wai masu kula da su sun cika tsanani. Mutum ya gyara layi uku na kod, ya aika yana jiran godiya, sai a dawo masa da abinsa: raba shi biyu, sake rubuta bayanin, faɗi dalilin da ya sa ka bi wannan hanya. Masu sukar na cewa ɓata lokaci ne, wasu ma su ce dabara ce ta korar baƙi. A wurinsu kod ne aikin, bayanin da ke rakiyarsa kuwa kwalliya ce kawai. Wannan hukunci ba shi da tushe, kuma tarihin kayan aikin layin umarni ya isa ya ƙaryata shi.

Tun a farkon shekarun 1970 Douglas McIlroy na Bell Labs ya samar da diff, umarnin da ke nuna bambancin da ke tsakanin fayil biyu. A 1985 Larry Wall ya fitar da patch, wanda ke ɗaukar wannan bambanci ya ɗora shi a kan kod ɗin wani. Daga nan aika faci, wato wannan bambanci, ya zama hanyar ba da gudummawa, kuma da shi Linux ta girma bayan 1991. A Afrilun 2005 Linus Torvalds ya rubuta Git bayan an rasa damar amfani da manhajar BitKeeper kyauta, a Yuli kuma ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano. Da GitHub ya zo a 2008, aika gyara ya koma danna maɓalli. Sauƙin ya amfani miliyoyin mutane, amma a ayyuka da yawa bayanin faci ya ƙanƙance har ya koma kalma ɗaya ko biyu.

Aikin Git dai bai sassauta ba. Ƙa'idojinsa na karɓar faci sun fayyace yadda bayanin zai kasance, kuma kowane sashe da aikinsa. Layin farko gajere ne, kimanin haruffa 50, yana farawa da sunan ɓangaren da aka taɓa, sannan abin da aka yi masa. Gajartar ba ta banza ba ce: wannan layi shi ke fitowa idan aka jero tarihin aiki, inda mai bincike ke ratsa ɗaruruwan faci da ido yana neman guda ɗaya. Ana kuma rubuta shi da sigar umarni, a ce “gyara kaza” maimakon “na gyara kaza”. Marubucin ya janye kansa ke nan, ya bar canjin shi kaɗai a gaban mai karatu.

Gangar bayanin ita ce wurin gwaninta. Ana so a fara da matsalar yadda take a yanzu, kafin a ɗora facin: umarnin yana yin kaza idan aka ba shi kaza, ga kuma dalilin da ya sa hakan kuskure ne. Sai a zo ga mafita da hujjarta. Idan akwai wata hanyar da aka duba aka yi watsi da ita, a ambata, a faɗi abin da ya hana. Abin da ba a so shi ne maimaita abin da kod ya riga ya nuna. Duk wanda ya iya karatu zai ga an ƙara sharaɗi a layi kaza. Abin da ba zai taɓa gani a kod ba shi ne tunanin wanda ya ƙara shi: wace na'ura ce ta ba shi matsala, me ya ji tsoron lalatawa, me ya bari da gangan. Bayan shekara goma, wani zai tsaya a kan wannan layi yana shirin goge shi saboda bai ga amfaninsa ba. Umarnin git blame zai kai shi ga facin, bayanin kuma shi ne zai hana shi maido da tsohuwar matsala.

Haka nan batun raba faci, wanda ya fi komai ɓata wa sababbi rai. Ƙa'idar ita ce faci ɗaya, canji ɗaya mai ma'ana, kuma manhajar ta ci gaba da aiki bayan kowannensu. Amfanin yana fitowa ranar da wani abu ya lalace ba a san yaushe ba. Umarnin git bisect yana raba tarihin biyu, a gwada tsakiya, a sake raba rabin da laifin ke ciki, har a kama mai laifi; a cikin faci dubu, gwaji kamar goma ya isa. Idan wanda aka kama ƙarami ne mai bayani, an gama bincike. Idan kuwa dunƙule ne da ya haɗa sauya sunaye da gyaran kuskure da sabon fasali, aiki ya koma farko.

A ƙarshen bayanin akwai layukan shaida. Layin Signed-off-by ya shigo Linux a 2004, lokacin rikicin shari'ar kamfanin SCO, domin kowane mai aikawa ya tabbatar yana da haƙƙin miƙa abin da ya miƙa. Wanda ya san isnadi a ilimin hadisi zai gane tsarin nan take: kowa ya sa sunansa a kan abin da ya bi ta hannunsa. A curl, da Daniel Stenberg ɗan ƙasar Suwidin ke jagoranta tun 1998, har wanda ya kai rahoton matsala ana rubuta sunansa a layin Reported-by, ko da bai rubuta kod ko layi ɗaya ba. Kuma curl na karɓar gudummawa ta GitHub, wanda ke nuna cewa sabon kayan aiki bai tilasta wa kowa zubar da tsohuwar tarbiyya ba.

Masu sukar kan kawo zafin harshen wasu manya a matsayin hujja. Gaskiya ne an yi hakan, har Torvalds da kansa ya janye na ɗan lokaci a 2018 domin gyara halinsa. Amma cin mutunci daban, neman bayani daban. Ana iya daina na farko ba tare da taɓa na biyu ba.

Abin da ya faru da manhajar xz ya ƙara fito da muhimmancin al'adar neman bayani. A Maris 2024 Andres Freund ya lura da jinkirin kimanin rabin daƙiƙa wajen shiga na'ura ta ssh, ya bi diddigi har ya gano ɓoyayyiyar ƙofa a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara biyu yana ba da gudummawa har ya samu amincewar mai kula da aikin, Lasse Collin. Inda Jia Tan ya ɓoye muguntarsa shi ne abin lura: cikin fayilolin gwaji waɗanda idon mutum ba ya iya karantawa, da wani rubutun haɗawa da ke cikin kunshin da aka saki amma babu shi a ma'ajiyar Git. Ya guji daidai wuraren da ake karantawa ana tambayar dalili.

Yanzu da na'urorin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da kod cikin daƙiƙoƙi, kod ya yi arha, lokacin mai dubawa ne ya yi tsada. Tun farkon 2024 Stenberg ke kokawa a kan rahotannin tsaro da irin waɗannan na'urori ke rubutawa, masu kyan tsari amma suna bayanin matsalolin da babu su. Na'ura na iya tsara bayani mai santsi, saboda haka santsi ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne zagaye na biyu da na uku, lokacin da mai dubawa ya tambayi abin da zai faru idan fayil ɗin babu komai a ciki, mai aikawa kuma ya amsa daga fahimtarsa, ya gyara facin, ya sake rubuta bayanin. A Git, facin da ya tsallake wannan yakan fara zama a reshen seen, ya wuce next a gwada shi na wani lokaci, sannan Hamano ya shigar da shi master tare da bayaninsa da sunayen duk waɗanda suka duba shi.