Tsohon Birnin Kano a Idon Masu Ɗaukar Hoto da Waya

Tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, Kano ta samu masu ɗaukar hoto irin waɗanda ba ta taɓa samu ba. Ba sana'arsu ba ce, ba kuma wanda ya aike su. Ɗalibi ne ko ɗan kasuwar Kwari, ya ga ginin da ya burge shi, ya ɗaga waya. Sai dai in ka bi hotunan nasu ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar kusan duk wuri guda suke tsayawa: saman Dutsen Dala da la'asar, karofin Ƙofar Mata, ƙofar Gidan Rumfa, Gidan Makama, sai dawakai ranar Hawan Daushe.

Wuraren nan sun cancanci hoto, amma suna da masu kula da su. Abin da ke salwanta yana cikin lungu: zauren talaka mai zankwaye, soro mai daurin guga, rufin azara, bangon da magini ya yi wa dagi tun yaɓe bai bushe ba. Damina ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kwantar da shi, ko a raba gado magada su rushe su ɗora bulo. Ko ƙofofin gari ba su tsira ba. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, kuma wadda ke wurin yau sabon gini ce. Duk wanda ya ɗauki tsohuwar, ko da dishi-dishi hoton ya fito, yana riƙe da shaidar da ƙwararren da ya zo daga baya ba zai samu ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce ma haka ake gutsurarta, yau a ɗebi ƙasa, gobe a yanka fuloti.

Ginin ƙasa yana da lokacinsa, kuma a nan ake gane wanda ya iya kallo. Da tsakar rana zanen bango lafewa yake, sai ka rantse shafe ne kawai. Da hantsi ko la'asar sakaliya, sa'ad da haske ya zo a karkace, kowane tudu yana jefa inuwarsa, har sawun yatsun mai yaɓe ya fito. Hazon hunturu yana kashe inuwa, amma yana kwantar da launi. Bayan ruwa kuwa bango ya yi duhu, a ga layin da indararo ya bari.

Inda nake da ja da masu ɗaukar hoton nan shi ne wajen gyaran hoto. A ƙara wa ƙasa ja har ta zama kamar garwashi, a yanke wayoyin lantarki, a jira adaidaita sahu ya wuce, a kauce wa rufin kwano da allon mai POS. Abin da ya rage kyakkyawa ne, amma birni ne da ba kowa a ciki, irin wanda katunan Turawan mulkin mallaka suka so nunawa. Wayar lantarkin nan da ake ƙyama ita ce za ta gaya wa mai kallo nan gaba zamanin da aka ɗauki hoton.

Sannan da yawa ba sa sallama. Zaure iyaka ne, kuma ɗaga waya a ƙofar gidan mutum ba izini rashin ladabi ne, balle in mata na shige da fice. Asara ce kuma. Dattijon da ke kan dakali shi ya san wanda ya gina gidan, a zamanin wane sarki, da shekarar da aka daina yi masa yaɓe. Masallacin Juma'a na Zariya an san Babban Gwani ne ya gina shi, don sarauta ta riƙe sunansa. Maginan lungunan Kano kuwa sunayensu na bakin tsofaffin unguwa, kuma mafi yawan hotunan nan suna yawo ba sunan unguwa, ba shekara.