Jinjina ga ayarin gishirin Bilma

Mutumin Dutse ya san dabino, makiyayi kuma ya san kantun gishirin da dabbobinsa ke lasa, amma ba kowa ke tuna wahalar Buzayen da ke ɗauko shi daga Bilma ba. Bayan damina suke tashi daga duwatsun Azbin da gero, su keta Tenere, su yada zango a Fachi, su musanya hatsin da gishiri da dabino.

A cikin Tenere babu ciyawa, babu itacen wuta. Komai sai an ɗauko daga gida, har harawar raƙuma. Suna tafe suna ajiye dammunanta a kan hanya domin dawowa, irin dabarar da Roald Amundsen ya yi da abincinsa kafin ya isa tsakiyar ƙanƙarar kudancin duniya a 1911. Shi duniya ta san sunansa. Su kuwa kakanninsu sun daɗe suna yi.

Ayari ba ya tsayawa daga safe har dare, don idan raƙuma suka tsaya kaya ya rikice. A tafe ake dama gero da cuku da dabino, a tafe ake dafa shayi. Rana ta gasa mutum, sanyin asuba ya tsattsaga masa ƙafa.

Madugu ne ya fi cancantar yabo. Da inuwa da taurari yake gane hanya, kuma idan ya kuskure rijiya ɗaya, ayarin duka na iya halaka. Bishiya tilo da ke cikin Tenere wadda a da ake shaida hanya da ita ma, mota ce ta kayar da ita a 1973.