BABI NA UKU: GIRMAN KAN WAZIRI DA RIKICIN GADON SARAUTA A CIKIN MAGANA JARI CE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin Magana Jari Ce. Wannan babi kuwa zai duba tauraro ɗaya ne tak, wato Wazirin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, wanda ya fito a babban labarin da ya ɗaure littafi na ɗaya. Akasarin masu karatu sun ɗauke shi mugu ne kawai, wanda aka kawo domin aku ya sami abokin karawa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, girman kai iri biyu ne suka haddasa fitinar da ke cikin littafin, wato na Sarki da na Waziri, amma ɗaya kaɗai marubucin ya hukunta.

3.1 Marubucin da Muhallinsa

An haifi Alhaji Abubakar Imam a shekarar 1911 a Kagara, wadda ke maƙwabtaka da ƙasar Birnin Gwari, ya kuma rasu a Zariya a 1981. Yankin nan na Kagara da Birnin Gwari da Kwantagora ya sha yaƙe-yaƙen gidan Nagwamatse har zuwa 1901 da Turawa suka ci Kwantagora, kuma a kan wannan zamani ne yayansa Malam Bello Kagara ya gina littafin Ganɗoki. Imam ya yi karatu da koyarwa a Katsina. A 1936 ya je Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce tare da kulawar Dokta R. M. East, aka buga littattafan uku tsakanin 1937 da 1939 domin karatun 'yan makaranta. Dabarar aku mai hana mutum fita da dare ta hanyar ba shi labarai tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa. Abin da Imam ya yi shi ne ya dasa ta a cikin fada irin ta ƙasar Hausa, ya kuma mai da abin da ake tsaro ya zama ran magajin sarki.

3.2 Matsayin Waziri a Cikin Labarin

Labarin ya buɗe da sarki mai dukiya da ƙarfi wanda ba shi da ɗa namiji. Wannan rashi shi ne jarin Waziri, domin yana ganin in Sarki ya mutu a haka, sarauta tasa ce. Haihuwar Musa ta rushe masa wannan lissafi. Daga nan ya zauna jiran kafa, bai kuwa same ta ba sai ranar da Sarkin Sinari ya aiko da wazirinsa da takardar neman a haɗa 'yarsa Sinaratu aure da Musa. Sarki Abdurrahman ya ga wannan raini ne, ya kekketa takardar, ya ci mutuncin manzon a gaban fadawa, ya kore shi. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waziri ya aika wa Sarkin Sinari a ɓoye cewa zai taimake shi ya ci garin, in dai za a ba shi sarauta.

Ya kamata a lura da cewa ba Waziri ne ya tsokano yaƙin ba. Rawar da ya taka ita ce sauya wa yaƙin fuska. Kafin ya sa hannu, rigima ce tsakanin ƙasashe biyu a kan cin mutuncin manzo. Bayan ya sa hannu sai ta zama rigimar gado, wadda fagenta na gaskiya yana cikin gidan Sarki. Shi ya sa marubucin bai ɓata lokaci wajen siffanta fafatawar dakaru ba. Ya bar Sarki da jikansa Mahmudu a bakin daga, ya tsayar da mai karatu a cikin gari, inda Waziri ke ta aika wa Musa saƙon ƙarya domin ya fito a hallaka shi, aku kuwa yana riƙe shi da labari kowane dare har gari ya waye.

3.3 Yadda Girman Kan Waziri Ya Bayyana

Girman kan Waziri ba irin na Sarki ba ne. Na Sarki a fili yake, da faɗa da ɗaga murya. Na Waziri kuwa a lulluɓe yake cikin ladabi da fadanci, sai an bi ayyukansa ake gane shi. Ana iya ganin sa ta fuskoki uku.

Fuska ta farko ita ce ganin kansa ya isa abin da ba nasa ba. A tsarin sarautar ƙasar Hausa waziri mashawarci ne, yana cikin masu faɗa a ji, amma galibi ba ɗan gadon karaga ba ne. A Sakkwato, alal misali, zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima ta daɗe tana riƙe da wazirci, ba a kuwa taɓa naɗa ɗayansu Sarkin Musulmi ba. Saboda haka duk Bahaushen da ya karanta littafin zai gane tun daga farko cewa wannan mutum ya wuce gona da iri, ko da kuwa bai kai ga cin amana ba.

Fuska ta biyu ita ce yarda da wayonsa fiye da kima. Ya ɗauka zai yi amfani da Sarkin Sinari ya hau mulki, bai tsaya ya tambayi kansa ba ko sarkin da ya ci gari da takobinsa zai yarda ya miƙa shi ga wanda ya ci amanar ubangidansa. Gaskiya ne da ɗan gari akan ci gari, amma ba kullum ne ɗan garin ke cin moriyar abin ba.

Fuska ta uku, wadda ita ce ta kayar da shi, ita ce raina na ƙasa. Waziri ya yi lissafin Sarki, ya yi na Musa, ya yi na dakarun Sinari, amma tun farko bai sa aku cikin lissafinsa ba, domin a wurinsa tsuntsu ne da aka sayo daga hannun wani Balarabe. Tsuntsun nan kuwa shi ya ba da labarin zuwan maharan kafin su iso, shi ya tsare Musa, shi ne kuma aka naɗa waziri bayan asirin Wazirin ya tonu an hukunta shi. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A nan ne halin tauraron ya haɗu da babban jigon littafin, wato darajar iya magana. Mai muƙami da bayi da dukiya ya sha kaye a hannun wanda ba shi da komai sai baki.

3.4 Kwatanci da Yaƙin Basasar Kano

Ko da yake ƙasar Sarki Abdurrahman ƙagaggiya ce, rikicin gado ba baƙon abu ba ne ga masu karatun farko. Shekara arba'in da 'yan kai kafin a rubuta littafin aka yi Basasar Kano. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya dage sai an naɗa Tukur ɗan Bello, alhali mafi yawan 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suna bayan Yusufu. Wazirin Sakkwato Buhari ya nuna haɗarin yin haka, ba a saurare shi ba, shi ne kuma aka sa ya yi naɗin. Yusufawa suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, Alu ya gaje shi ya shiga Kano a wannan shekara, aka kashe Tukur a Tafashiya ta ƙasar Katsina a 1895.

Ba ana nufin daga wannan yaƙi Imam ya ɗauko labarinsa ba. Amfanin kwatancin shi ne ya nuna inda labarin ya saɓa da tarihi. A Kano taurin kan mai mulki ne ya jawo zubar da jini, waziri kuwa shi ne mai ba da haƙuri, kuma babu wata dabara da ta hana 'yan gida ɗaya kashe juna. A Magana Jari Ce kuwa an juya al'amarin: an tattara laifin duka an ɗora wa Waziri, wanda bare ne a gidan sarauta, 'yan gida kuma, wato Musa da Mahmudu, suna ƙaunar juna har ƙarshe.

3.5 Hukuncin Marubucin

A nan ne ake ganin rauni a ginin labarin. Sarki Abdurrahman ya wulaƙanta manzon da ya zo da maganar alheri, ya jefa talakawansa cikin yaƙin da ba dole ba, amma ya dawo da nasara, ya tarar da ɗansa lafiya, ya ƙaru da waziri mai hikima. Babu inda ya ɗanɗana kuɗar abin da ya yi kamar yadda Waziri ya ɗanɗana. Ɗan makarantar da ya karanta littafin zai iya fita da darasin cewa girman kai laifi ne ga bara, ado ne ga sarki.

Ana iya yi wa marubucin uzuri ta fuska biyu. Na ɗaya, an rubuta littafin ne domin makarantu a zamanin da mulkin Turawa ya dogara kacokan ga sarakuna, saboda haka da wuya a buga labarin da zai nuna sarki ya faɗi saboda halinsa. Na biyu, Imam bai ɓoye laifin Sarki ba. Ya siffanta cin mutuncin manzon filla-filla, ya kuma nuna cewa mutumin da Sarki ya amince wa ya bar masa gari shi ne maƙiyinsa, wanda hakan shi kansa suka ne ga basirar Sarkin. Wato ya ajiye hujja a gaban mai karatu, hukuncin ne kawai bai yanke ba. Duk da haka uzurin bai kawar da raunin ba, domin a labari irin wannan ƙarshen da tauraro ya yi shi ne ma'aunin da yara ke auna halinsa da shi.

3.6 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa Waziri ba shi ya fara yaƙin Sinari ba, amma shi ya mai da shi rikicin gadon sarauta, kuma girman kansa ya bayyana ta hanyar hangen abin da ba nasa ba, da yarda da wayonsa, da raina na ƙasa da shi. An kuma nuna cewa marubucin ya hukunta girman kan Waziri ya ƙyale na Sarki, saɓanin abin da Basasar Kano ta nuna. Babi na gaba zai duba aku a matsayin waziri, domin a ga irin mashawarcin da Imam ya kawo a madadin wanda ya kawar.